Zuwa Ga Ciyamomin Kano 44: Wane Duba-Garin Za Ku Dawo Mana Da Shi?

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Duk shekara in damina ta kankama, kwatoci suka cika suka tumbatsa, aka fara sungumar yara ana kai su asibiti da amai da gudawa, magana ɗaya ce ke tashi a gidajen rediyo da majalisun bakin titi: a dawo da duba-gari. Tsofaffi su faɗa da kewa. Samarin da ko a hoto ba su taɓa ganinsa ba, su ma su amsa amshi. Na ma ji wasunku sun ɗauki alkawarin hakan lokacin kamfe. To ni duba-gari ne, ko in ce tsohonsa. Makarantar koyon aikin tsafta ta nan Kano, wadda aka buɗe tun 1932, ita ta yaye ni, na yi wa aikin shekara 35 na ajiye. Ya kamata a ce na fi kowa murna da wannan kira, amma gabana faɗuwa yake in na ji shi, domin yawancin masu kiran ba su san wanda suke kira ba. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Sai dai ita ma barar ta cancanci a tuna ta yadda take.

Ban fi shekara bakwai ba ranar da na fara ganinsa, ana dab da samun mulkin kai. Wani yaro ne ya kwarmata daga bakin lungu, "Ga duba-gari nan!" Kan ka ce kwabo gidanmu ya hargitse. Wannan ta rarumi tsintsiya, waccan ta ja faifai ta rufe tukwane, aka aike ni da gudu in ɗora murfi a bakin salga. Ya tsaya a soro shi da mai unguwa, kakinsa ya sha sitati, gajeren wando, doguwar safa har gwiwa, littafi a hammata. Sai da aka yi sallama sau uku, matan gidan suka shige ɗaka, sannan kakanmu ya yi masa iso. Bai kalli kowa ba. Ya leƙa masai, ya bi rariya da ido har inda take zubarwa, sannan ya nufi gindin randuna. A hannunsa akwai wani ludayi mai dogon mariƙi. Ya zura shi a hankali, ya ɗebo, ya ɗaga sama yana kallo a cikin hasken rana. Ko ni da nake laɓe bayan turmi na hangi 'yan tsutsotsin suna wutsil-wutsil. Ya sa ƙafa ya tunkuɗe randar. Ruwan da aka saya jiya da yamma a hannun ɗan garuwa ya malale a tsakar gida, randar da kakata ta zo da ita tun kayan ɗakinta ta rabe biyu. Washegari aka kawo sammaci, kakanmu ya gurfana gaban alƙali, aka ci shi tarar sule biyar. Har Iya ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan aikin ba, "mai ludayin nan" take cewa. Ranar da na shaida mata makarantar da na samu, sai ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma kar ka fasa wa kowa randa."

Sai da na shiga aji na gane dalilin da ya sa Bature ya ƙwallafa rai a kan randar tsohuwa. A 1897 wani likitan sojan Ingila, Ronald Ross, ya tabbatar a Indiya cewa sauro ke ɗaukar zazzaɓin da ke kashe su. Shekara shida bayan haka, a 1903, suka ci Kano da yaƙi. Wato sun shigo mana ne da tsoron sauro ɗanye shakaf a zuciyarsu, kuma tambayar da ke gabansu ita ce yadda Razdan da Di'o da matansu za su kai lokacin hutu da rai. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa dokar lafiyar jama'a da kuma dokar tsara garuruwa. A tsarin nasu, dole a bar fili fetal mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da duk inda baƙar fata ke kwana, wai sauro ba zai iya ƙetare shi ba. Ra'ayin likitocinsu shi ne jinin 'ya'yanmu ne rumbun cutar, don haka a nisanci yaran. Filayen nan su ne a garuruwa da dama suka rikiɗe suka zama wuraren wasan golf da folo da sukuwa. Abin dariyar, kukun Bature da boyinsa a bayan gidansa suke kwana, taku kaɗan daga tagarsa. Shi wannan sauron, da alama, an yi masa lamuni.

Kano kanta sai aka raba ta. Bariki daban, Sabon Gari da aka yanka wa baƙin da suka biyo jirgin ƙasa bayan ya iso a 1911 daban, birni da ƙauyuka kuma aka bar wa En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Inda Bature ke shaƙar iska, nan aka fara kai leburori da kwalta da maganin feshi. Mu 'yan cikin ganuwa abin da ya fara iso mana shi ne mai ludayi.

Ga wani sirrin sana'a da ba kowa ya sani ba. Tsutsar da ke cikin randa galibi ba ta sauron zazzaɓin cizon sauro ba ce. Wancan ya fi son ruwan da ya kwanta a ƙasa rana na dukansa: sawun kofato, gefen kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini. Idan ka ɗebo tsutsarsa za ka gan ta kwance shame-shame a saman ruwa. Ta randa kuwa rataye take, kai ƙasa, kuma yawanci ta sauron nan ce mai zane fari-fari a ƙafa, mai kawo ciwon shawara, cutar da Turawa suka fi jin tsoro saboda ba ta yi musu da sauƙi. Ke nan an fasa randar Iya, amma kududdufin da ke bayan gidanmu, inda ainihin mai kwantar da mu ke ƙyanƙyasa, yana nan ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Kududdufi ba ya biyan tara.

Kada ku ɗauka na zo ne in tsine wa aikin da ya ciyar da ni. Ai ko maƙiyinka ne ya iya rawa, ka ce ya iya. Lokacin da na kama aiki an haɗa ni da wani dattijo da ya fara tun zamanin Sarki Alhaji, Abdullahi Bayero. Malam kawai muke ce masa. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya yi laushi don sarrafawa, gida-gida na unguwanninsa a jere: sunan maigida, rijiya nawa, salga nawa, ina rariya ta nufa, yaushe aka zo na ƙarshe, me aka ce a gyara. Ba ya bari kwana bakwai ta wuce bai koma gida ba. Na taɓa tambayarsa me ya sa bakwai, ya ce, "Yaro, daga ƙwai zuwa mai fiffike sauro mako guda yake buƙata, ko ya ɗara kaɗan. In ka makara ka zo ta'aziyya ne." Ya san wace rijiya ce ke yin wari in an yi ruwa biyu a jere. Ya san gidan da kishiyoyi ba sa ga-maciji, don haka ba mai wanke masai. Da asuba yana mayanka kafin a fara fiɗa, ya tsaga huhu ya duba tarin fuka, ya yanka hanta ya duba tsutsa, wadda ta yi ya buga mata hatimi, wadda ba ta yi ba a haƙa rami a zuba mata kananzir a gabansa. Sarkin fawa na tsaye, ba ya cewa uffan. Irin su Malam ne suka bi masu lamba, wato masu yin rigakafi, lungu-lungu, shekara da shekaru, kafin duniya ta taru ta gama da agana, har aka yi shelar ƙarewarta a 1980. Yaran yanzu ba su san fuskar mai zanen agana ba, mu kuwa da su muka yi makarantar allo.

Sai dai shi kansa Malam ya sha gaya mini cewa rabin kwarjininsa aro ne. Bayansa akwai mai unguwa, bayan mai unguwa akwai dagaci da hakimi, akwai ɗan doka, akwai alƙali, akwai gidan yari, can ƙarshe kuma akwai Bature da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Mutane ba cutar suke gudu ba, sammaci suke gudu. Shi ya sa ake share tsakar gida in an ji tafiyarsa, in ya ba da baya a koma gidan jiya. Kuma inda tsoro ya yi yawa, ciniki ba ya nisa. An yi duba-garin da ba su taɓa sayen nama da kuɗinsu ba. An yi waɗanda in suka je ƙauye sai an cika musu kwando da ƙwai da 'yan zabi sannan rijiyar dagaci ta zama mai tsafta. Talakan da ba shi da zabo shi ke zuwa gaban alƙali. Duk mai ce muku zamanin nan ba a cin hanci, to bai taɓa riƙe ludayi ba.

Abin da ya sa duk da haka ake tuna zamanin da alheri, a ganina, shi ne En'e ba ta tsaya ga karɓa kawai ba. Daga baitulmalin Kano, wato daga haraji da jangalin talakawa, aka gina aikin ruwan Challawa da na lantarki, aka buɗe a 1931. Famfo ya shigo birni. An gina mayanka, an yi rumfunan kasuwa, an ɗauki leburorin shara ana biyansu. Sarauta ma ta rungumi abin, har yau akwai Sarkin Tsafta a fadar Kano. Idan duba-gari ya ce wa mace ta zubar da ruwan da ya kwana uku, aƙalla a wasu unguwannin akwai inda zai nuna mata ta je ta ɗebo sabo.

In kuna son ganin fuska biyun nan a wuri guda, ku leƙa maƙwabta. Gundumar Anchau ta lardin Zazzau, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Kubau a Jihar Kaduna, ciwon barci ya addabe ta a shekarun 1930. Garin a cunkushe yake cikin ganuwa, ga fadama, ga duhuwar bishiyoyi a bakin rafi inda ƙudan tsando ke fakon masu ɗiban ruwa da masu wanki. Daga ƙarshen shekarun nan, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, aka shiga wani gagarumin aiki wanda wani Bature masanin ƙwari, Dakta Nash, ya yi suna a kansa. Aka sassabe bakin rafuka mil bayan mil don tsando ya rasa inuwa. Aka tashi dubban mutane daga ƙauyukansu aka sake musu matsuguni. Aka yanka sabon gari kusa da tsohon, mai faffaɗan tituna da rijiyoyin siminti da kasuwa da mayanka, aka raɗa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ja baya, wannan ba a musu. Amma ba wanda ya tara mutanen ya ce ko kun yarda. Umarni ne ya sauko daga sama, mutum ya bar gidan da aka binne cibiyarsa, ya bar kushewar iyayensa, ya kuma ba da ƙarfinsa wajen saran daji. Ku dai ba ku da wannan iko yau, kuma alhamdu lillahi da ba ku da shi. Ƙuri'a ce ta kawo ku. Saboda haka daga kayan Anchau, rijiyar simintin da faffaɗan titin ne kaɗai za ku iya ɗauka, kuma su ne masu tsadar.

A nan ne nake jin tsoronku, ranku ya daɗe. Sammaci ba shi da tsada. Da 'yan dubbai za a ɗinka wa samari ɗari kaki, a buga rasit, a tara 'yan jarida a ce an dawo da duba-gari. Na ga irinsa da idona. A shekaruna na ƙarshe a wata ƙaramar hukuma da ba zan kama sunanta ba, an kira mu ofis aka miƙa mana kundin rasit, aka faɗa mana adadin kuɗin da ake so mu kawo kafin ƙarshen wata. Ba a ba mu ko kwalba ɗaya ta ɗaukar samfurin ruwa ba. Muka shiga kasuwa. Wani yaron aikina ya tsaya kan wata mai awara yana rubuta mata tara don ba ta rufe tirenta ba. Matar ba ta yi gardama ba. Ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo kuɗin, sannan ta nuna bayanta da haɓa ta ce, "Malam, shi kuma wancan nawa za ku ci shi?" Na waiga. Bola ce ta kai tsayin katanga, wata uku ba a kwashe ba, ƙudajen da ke sauka a kan awarar daga can suke tasowa. Bolar kuwa ta hukumar da ta aiko mu ce. Na karɓi rasit ɗin na yaga, na mayar mata da kuɗinta, na sha faɗa a ofis. Tun ran nan ban ƙara sa kakina da daɗin rai ba.

Tsaftar ƙarshen wata ma haka. Tun 1985, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, muke wannan al'ada ta Asabar: a hana zirga-zirga da safe, kotun tafi-da-gidanka ta zauna a bakin titi tana cin tarar direbobi. Samarin unguwa su yi ta maza su yashe kwata, su tara dagwalon a gefen hanya. Motar da za ta kwashe ba ta zuwa. Ranar Talata a yi ruwa, dagwalo ya koma inda ya fito. Shekara arba'in ke nan muna wannan aikin baban giwa. Sauro kuwa har yanzu mako guda yake buƙata, bai san da zancen ƙarshen wata ba.

Ba sai na tuna muku ba, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 a wuyanku ya rataya kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakunan jama'a da kwashe shara da maƙabartu. Da can kuna cewa kuɗinku a hannun jiha yake maƙalewa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ku kasonku kai tsaye. Ko ya fara isowa ko bai fara ba, ku kuka sani, amma ku ne za a tambaya. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Kwalara ba aljani ba ce. Bayan gidan wani ne ya shiga ruwan shan wani, iyakarta ke nan.

Ku shiga unguwannin awon igiya da suka kewaye birni ku gani. An yanka fili ƙafa ashirin da biyar, ba a bar titi ba balle magudanar ruwa. A makaranta an koya mana a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A gidajen nan katanga ɗaya ce ke raba rijiyar wannan da shaddar wancan. Wa za ka ci tara a nan? Maigidan da iyakar abin da ƙarfinsa ya saya ke nan, ko wanda ya sa hannu aka yanka? Kududdufan cikin gari da ke shanye ruwan sama an cike su da shara an sayar an yi gini, ruwa ya rasa gidansa ya shiga na mutane. Motar shara kuwa har gobe ta fi sanin hanyar unguwannin masu hali. Bature ya tafi da yadinsa 440, amma mu mun riƙe masa ma'aunin.

Saboda haka ga roƙona. In za ku dawo da duba-gari, gidan farko da zai shiga ya zama naku. Ya fara da banɗakin sakatariya, ya wuce firamaren da yara ɗaruruwa ke tsugunawa a bayan aji, ya je mayankar da ake wanke tumbi da ruwan kwata, ya je gidajen wanka da bahaya na tasha da kuke karɓar kuɗin haya a kansu. Ya rubuta abin da ya gani, a manna a ƙofar sakatariya kowa ya karanta, kuma kada a yi masa canjin wurin aiki saboda ya rubuta. Ranar da mai awara ta ga an kwashe bolar hukuma, ba sai an yi mata tsawa za ta rufe tire ba.

Kuma don Allah ku raba shi da rasit. Mai duba tsafta in aka ɗora masa tara kuɗin shiga, to addu'arsa kullum kada gari ya tsarkaka. Ko a dokar Turawan ma akwai takardar gargaɗi, a ba mutum kwanaki ya gyara, sai ya ƙi sannan a kai shi gaba. Ba ku da ƙarancin ma'aikata. Makarantun tsafta da na kimiyyar lafiya suna yaye yara duk shekara, akwai hukumar ƙasa da ke yi musu rajista tun dokar 2002, da yawansu suna nan suna tuƙa adaidaita sahu ko sayar da kati. Ku ɗauke su a maimakon yaran siyasa. Ku fifita mata, domin aikin nan a tsakar gida yake, wurin randa da madafi da fo ɗin yara, inda namiji sai an yi masa iso, matan da ya kamata ya yi magana da su kuma suna bayan labule. Mace za ta shiga ta zauna a kan tabarma, ta sha ruwan gidan, ta ce, "Yaya, wannan randar yaushe rabon ta da wanki?" a yi dariya a wanke. A ba kowace unguwanninta da littafinta, ta riƙa komawa duk mako tare da mai unguwa, har yara su san sunanta.

Ludayin Malam yana wurina. Ya ba ni shi ranar da ya yi ritaya, mariƙin ya sha ɗauri da waya a wuri biyu. Gwiwoyina sun fara ba ni matsala, amma ina iya zagaye ɗaya. Duk ciyaman ɗin da ya shirya, ya aiko a ɗauke ni ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, ba jiniya, ba mai ɗaukar hoto, kuma kada a gaya wa masu shara tun daren Lahadi. Ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa. Daga bayan ofishinsa za mu fara.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon duba-gari, daga cikin birnin Kano